Alhakin Mai Kanti a kan Abin da Ya Ɗora a Kanta: Migros da Mas'alar Giya

Daga cikin tambayoyin da malaman fiƙihu da masana falsafar ɗabi'a suka daɗe suna muhawara a kansu akwai wadda ta shafi matsayin mai sayarwa, wato ko ɗan kasuwa yana ɗauke da wani kaso na alhakin cutar da hajarsa za ta haifar bayan ta bar hannunsa, ko kuwa alhakin gaba ɗaya yana wuyan baligi mai hankali wanda ya zaɓi kayan da kansa, ya kuma biya da kuɗinsa. Tambayar ta ƙara nauyi tun da aka sami manyan kantunan zamani masu ɗaruruwan rassa, domin shawara guda da aka yanke a ofishi game da abin da za a jera a kanta tana shiga miliyoyin gidaje cikin mako ɗaya. Kamfanin Migros na ƙasar Suwizalan ya dace a yi nazarin wannan mas'ala a kansa, saboda yana ɗaya daga cikin manyan masu sayar da kayan masarufi guda biyu a ƙasar, shi da abokin hamayyarsa Coop, kuma kusan ƙarni guda ke nan ba a sayar da giya ko taba a manyan kantunan da ke ɗauke da sunansa a ƙasar, alhali babu dokar ƙasa da ta hana shi, babu kuma majami'a ko hukumar addini da ta umarce shi.

Gottlieb Duttweiler, wanda aka haifa a birnin Zurik a 1888, shi ne ya kafa Migros a watan Agusta na 1925, bayan dawowarsa daga Burazil inda shi da matarsa Adele suka gwada noma abin bai yi albarka ba. Ya fara da motocin Ford guda 5 waɗanda aka mayar da bayansu kantin tafi-da-gidanka, suna zagaya unguwanni bisa jadawali, ɗauke da kaya iri 6 kacal, wato gahawa da shinkafa da sukari da taliya da man kwakwa da sabulu. Manufarsa ita ce rage yawan hannayen da kaya ke bi tsakanin mai samarwa da mai ci, tun da yake kowane dillali da kowane ɗan sari da ke tsakani sai ya ɗora ribarsa, har farashin ya kumbura kafin ya isa ga uwargida. Wannan ne ya sa ya ɗauki gada a matsayin tambarin kamfanin a shekarun farko. Kayan kan zo a ƙulle, a kan cikakken kuɗi wanda ba ya buƙatar neman canji, nauyin ƙunshin ne ake ƙarawa ko a rage gwargwadon yadda kasuwa ta kama, kuma da wannan dabara da makamantanta farashin wasu kayan ya sauka da kusan kashi 40 cikin 100 idan aka gwada da na sauran kantuna.

Masu ƙananan kantuna da manyan masana'antu ba su yi maraba da wannan ba. Masana'antu masu sanannun kaya sun ƙi sayar masa, abin da ya tilasta masa ya fara sarrafa kayansa da kansa, kuma shi ne asalin yawan kayan da ke ɗauke da tambarin Migros a kantunansa har yau. A 1928 ya sayi wata masana'anta a garin Meilen da ke bakin tafkin Zurik, wadda sana'arta ita ce yin ruwan inabi da sauran ruwan 'ya'yan itace marasa sa maye, kuma daga wannan shekara ake ƙirga manufar ƙin sayar da giya. A 1933 gwamnatin tarayya ta hana manyan kamfanoni buɗe sababbin rassa domin kare ƙananan 'yan kasuwa, hanin da bai ɗage ba sai 1945, wanda kuma yana cikin dalilan da suka tura Duttweiler cikin siyasa har ya shiga majalisar dokokin tarayya a 1935.

Ba za a fahimci matakin 1928 ba sai an dubi halin da ƙasar ta fito daga cikinsa. A ƙarni na 19 barasar da ake tacewa daga dankalin Turawa ta yi araha ƙwarai a ƙauyukan Suwizalan, ta zama annoba a gidajen manoma da leburori, har fasto Louis-Lucien Rochat ya kafa ƙungiyar yaƙi da shaye-shaye ta Croix-Bleue a Janeba a 1877, gwamnatin tarayya ta karɓi ikon sarrafa barasar dankali da ta hatsi a 1887, jama'a kuma suka kaɗa ƙuri'ar haramta wata barasa mai ƙarfi da ake kira absinthe a 1908. Matan aure, waɗanda su ne ainihin abokan cinikin motocin Migros, sun fi kowa sanin inda albashin maigida ke ƙarewa. Abin lura shi ne Duttweiler kansa bai ƙaurace wa giyar inabi ba, an kuma san shi da zuƙar sigari, saboda haka matsayinsa bai ginu a kan ganin abin a matsayin haram a zatinsa ba. Hujjar da ake danganta masa ta fi wannan ƙanƙanta, amma tana da kaifi: wanda gwanintarsa ita ce karya farashi bai kamata ya yi amfani da wannan gwaninta wajen karya farashin giya ba, domin abin da ya zama rahama idan an yi shi a kan shinkafa da sabulu yakan zama masifa idan an yi shi a kan abin da ke kama mutum ya ƙi sakinsa. A nan ne jigon mas'alar yake, wato alhakin mai sayarwa yana ƙaruwa gwargwadon ikonsa na kusanto da abu da sauƙaƙa samunsa.

Akwai suka mai ƙarfi da ake yi wa irin wannan matsayi, kuma bai kamata a raina ta ba. John Stuart Mill, a littafin da ya rubuta kan 'yanci a 1859, ya kafa ƙa'idar cewa ba a tauye wa baligi zaɓinsa sai domin hana shi cutar da wani, kuma a kan haka ya yi adawa da dokokin haramta giya irin wadda jihar Maine ta Amurka ta kafa a 1851. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya ƙara da cewa, a wata maƙala ta 1970, nauyin da ke kan kamfani shi ne neman riba cikin iyakokin doka, shugaban kamfani kuwa da ya ɗora ra'ayinsa na ɗabi'a a kan masu jari da masu saye ya ɗauki aikin majalisar dokoki ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Bisa wannan fahimta, mai kantin da ya ƙi ajiye giya ya mayar da kansa waliyyin baligai. Sai dai sukar tana da rauni ta fuska biyu. Migros bai hana kowa sha ba, tun da giya tana nan a kantin da ke maƙwabtaka da shi, illa iyaka ya ƙi zama hannun da za ta bi, kuma akwai tazara mai faɗi tsakanin tilasta wa wani da kame hannun kai. Sannan Mill da kansa ya amince cewa sha'awar da masu sayar da giya ke da ita ta ganin an yawaita sha sharri ne na haƙiƙa, wanda ya halatta a gindaya musu sharuɗɗa. Wanda ya yarda da wannan ya riga ya yarda cewa mai sayarwa ba ɗan kallo ba ne.

Malaman Musulunci sun yi wa wannan mas'ala tankaɗe da rairaya tun ƙarnonin farko, kuma rabe-raben da suka yi suna da amfani ko da a wajen nazarin kantin da ba na Musulmi ba. A kan ita giyar kanta babu saɓani, domin haramcinta ya zo a Suratul Ma'ida, hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito kuma ya haɗa mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai sayar da ita da mai cin kuɗinta cikin laifi tare da mai shanta. Inda aka yi saɓani shi ne abin da yake halal a zatinsa amma ana iya kai shi ga haram, kuma misalin da aka fi bugawa shi ne sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. An ruwaito daga Abu Hanifa cewa cinikin ya halatta, saboda saɓon bai tsaya a jikin inabin ba, akwai zaɓin wani mai hankali da ya shiga tsakani. Malikawa da Hambalawa kuwa sun hana, suna dogara da ƙa'idar saddu zari'a, wato toshe hanyar da galibi take kaiwa ga ɓarna ko da ita hanyar ba ɓarna ba ce. Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya nuna a littafinsa Alfuruƙ cewa ba kowace hanya ake toshewa ba, ya ba da misali da cewa babu malamin da ya hana noman inabi don tsoron giya. Ma'aunin da ke fitowa daga wannan shi ne kusanci da rinjayen zato: mai shuka inabi yana nesa da kwalba, mai sayar wa sanannen mai matsa giya yana kusa, mai jera kwalaben a kanta kuwa ba abin da ya rage tsakaninsa da mai sha sai wurin biyan kuɗi. Malaman ɗabi'a na Katolika suna da irin wannan rabo, inda suke bambanta wanda ya taimaka wa mai laifi yana tarayya da shi a niyya da wanda aikinsa kawai aka yi amfani da shi, suna kuma auna laifin na biyun da kusancinsa da aikin.

Tsarin kantin zamani ya ƙara wa wannan ma'auni nauyi. A 1948 Migros ya buɗe kantin ɗauki-da-kanka na farko a Suwizalan, a Zurik, wato kantin da babu mai tsayawa bayan teburi yana miƙo kaya, mai saye ne ke ɗaukar kwando ya bi layuka ya zaɓa. Ana iya zaton cewa wannan tsari ya sauke wa mai kanti alhaki tun da hannun mai saye ne ke ɗauka, amma akasin haka ne ya faru. A tsohon tsari sai mutum ya buɗe baki ya nemi abu, kuma a cikin wannan nema akwai ɗan lokacin tunani, akwai kunyar idon jama'a. A sabon tsari kayan ne ke neman mutum, domin an yi nazarin abin da za a ajiye daidai tsayin ido, da abin da za a tara a bakin layi da tambarin rangwame, da abin da za a jera kusa da mai karɓar kuɗi inda mutum ke tsaye yana jira. Tun daga 1997 Migros yana da katin tara maki mai suna Cumulus, wanda ke ba kamfanin damar sanin abin da kowane gida ke saye da yawan sayensa. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma wanda ya tsara inda za a ajiye daddawar da yadda warinta zai kai ga hanci ba zai ce shi ba ruwansa ba. Ƙungiyoyin da ke kula da masu fama da jarabar sha sun sha bayyana cewa ga wanda ke ƙoƙarin dainawa, samun kantin da zai sayi burodi da madara ba tare da ya ratsa layin kwalabe ba taimako ne na zahiri, wanda yake buƙata sau da yawa a kowane mako.

Akwai masu cewa Duttweiler kasuwanci kawai ya yi, domin yana da ruwan 'ya'yan itace da yake son sayarwa, yana kuma neman zukatan matan aure da na ƙungiyoyin ƙauracewa giya. Wannan ya tuno da misalin da Immanuel Kant ya kawo a 1785 na mai kanti wanda ba ya cutar yaro a farashi, inda ya ce idan don kare sunan kantinsa ya yi haka, aikin ya dace da wajibi amma ba don wajibi aka yi shi ba. Niyya tana cikin zuciya, kuma galibin ayyukan 'yan Adam a cakuɗe suke, amma akwai alama a tarihin mutumin da ke hana a yanke masa hukuncin son kai zalla. A 1941 shi da Adele sun mayar da kamfanin ƙungiyar gama-kai, wato mallakar masu sayayya a cikinsa, suka sallama dukiyar da suka tara. A 1957 kuma aka rubuta a kundin tsarin ƙungiyar cewa za a riƙa ware wani kaso na kuɗin ciniki, ba na riba ba, domin ilimi da al'adu, ko an ci riba a shekarar ko ba a ci ba.

Wurin da matsayin Migros ya fi fuskantar tuhuma ya zo ne bayan rasuwar Duttweiler a 1962. A 2007 ƙungiyar ta sayi kashi 70 cikin 100 na Denner, kamfanin kantunan rangwame wanda giya da taba suna cikin manyan hajojinsa, daga baya ta mallake shi gaba ɗaya, kuma a wurare da yawa reshen Denner yana cikin gini ɗaya da reshen Migros. Ƙananan kantunan ƙungiyar masu suna Migrolino da ke gidajen mai da tashoshin jirgin ƙasa su ma suna sayar da abin da babban kantin ya ƙi. Mai nazarin fiƙihu zai gane wannan siffa nan take, domin ita ce ake kira hila, wato bin wata hanya da zahirinta ya kiyaye hukunci alhali ta kai ga abin da hukuncin ya zo ya hana, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi dogon raddi a kan irinta a littafinsa I'ilamul Muwaƙƙi'in. Ko ma'aunan zamani na zuba jari bisa shari'a, irin na hukumar AAOIFI da ke Bahrain, waɗanda ke yin sassauci ga kamfanin da kuɗin haram bai wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarsa ba da sharaɗin a fitar da wannan kaso, sun yi sassaucin ne ga mai ƙaramin hannun jari da ba shi da iko a kan kamfanin. Wanda ya sayi kamfanin sukutum yana sane da hajarsa ba ya cikin wannan uzuri. Kuma hujjar Duttweiler ta asali ita ta fi shan duka, tun da Denner kantin araha ne, aikinsa shi ne karya farashin abin da ya ce kada a karya farashinsa.

Duk da haka kuskure ne a ce tun da an sayi Denner hanin da ke cikin kantunan Migros ya zama banza. Abubuwa biyu ne aka haɗa a matakin 1928, kuma tarihi ya raba su. Na farko shi ne tsarkin dukiya, wato kada kuɗin giya ya shiga asusun ƙungiya, kuma wannan ya tafi, ba kuma daidai ba ne ƙungiyar ta riƙa karɓar yabo a kansa. Na biyu shi ne kare wuri, wato a sami fili a cikin rayuwar yau da kullum inda mai rauni da yaro da wanda ya tuba daga sha za su yi cefane ba tare da an gitta musu jaraba ba, kuma wannan yana nan, amfaninsa bai dogara da tsarkin wanda ya samar da shi ba. Bango guda tsakanin kanti da kanti ƙaramin abu ne ga mai lissafin kuɗi, amma ga wanda ke kokawa da ransa bambanci ne tsakanin abin da sai ya yi niyya ya je gare shi da abin da zai tarar a gabansa bai nema ba. Wanda ya kira tsarin munafunci ya faɗi gaskiya game da asusu, sai dai maganin da ya dace da wannan gaskiya shi ne gyara asusun, domin rushe bangon ba zai tsarkake kuɗi ko ɗaya ba.

A 2022 aka miƙa mas'alar sayar da giya a kantunan Migros ga masu ƙungiyar, waɗanda yawansu ya haura miliyan 2. Wakilan ƙungiyar sun buɗe ƙofar sauya dokarta ta hana sayar da giya a ƙarshen 2021, aka sharɗanta cewa sai an sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'u a kowace ɗaya daga cikin ƙungiyoyin yankunan da Migros ya ƙunsa kafin a fara sayar da giya a rassanta da gidajen cin abincinta. Sama da mutum 600,000 suka kaɗa ƙuri'a, kuma da aka bayyana sakamako a watan Yuni dukkan ƙungiyoyin yankuna 10 sun ƙi amincewa, da rinjayen da ya kai kusan kashi 80 cikin 100 a Zurik, ya kuma fi ƙanƙanta a yankin Ticino mai magana da Italiyanci. Wannan ya faru ne a ƙasar da ake noman inabin giya a yankuna kamar Valais da Vaud, inda shan giya halal ne a doka, karɓaɓɓe ne a al'ada, saboda haka babu shakka da yawa daga cikin waɗanda suka ce a'a suna sha a gidajensu. Dalilansu ba ɗaya ba ne, akwai mai kishin tarihin kamfanin, akwai mai tunanin ɗan'uwansa da ke fama, amma sakamakon ya warware sukar Friedman daga tushe, domin a wannan karo masu dukiyar ne da kansu suka zaɓi su bar ribar, kuma masu sayen ne suka zaɓi ɗan wahalar zuwa wani kanti domin amfanin waɗanda ba su sani ba.

Ba a tambayi masu ƙuri'ar komai game da Denner ba, ba a kuma sa batun taba a cikin takardar ba, ƙuri'ar ta tsaya ne a kan abin da za a jera a kantunan da ke ɗauke da tambarin Migros, wato harafin M mai launin ruwan lemo. Ribar da Denner da Migrolino ke samu daga giya da sigari tana ci gaba da shiga lissafin ƙungiyar da waɗannan mutane suka mallaka, kuma tun da an tabbatar a 2022 cewa suna da murya a kan abin da ake sayarwa da sunansu, tambayar abin da ake sayarwa da kuɗinsu ita ma tana gabansu.